Itacen Jego

Unguwar Rogo, Jos
Farkon Nuwamba

Zuwa ga Yaya Hatim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da aiki, da mutanen Rusaifa baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai nauyin jiki. Ƙafafuna sun kumbura har takalmin da ka aiko ya ƙi shiga. Baba da Inna suna gaishe ka, haka wana Nasrullahi.

Na san kana jin haushi in ka kira ka ji ina "eh, a'a, to" kamar wadda aka sa dole. Wayata ta faɗa bokiti ta mutu, ta Inna kake samuna a kai, kuma tun da aka dawo da ni gida goyon ciki ɗakina bango ɗaya ne da na Baba. Bangon nan ko tari ka yi sai an ce maka sannu daga ɗaya gefen. Ta yaya zan saki baki in yi hira da miji Baba yana ji? Kai a Makka aka haife ka, irin wannan kunyar ba ta kama ka ba, ni kuwa da ita aka yaye ni. Shi ya sa na ce mu koma takarda. Masu zuwa Umra ba sa yankewa a unguwar nan, wannan ma Hajiya Kabira ce za ta kawo maka.

Asibiti sun ce saura 'yan makonni. Sanyi kuwa ya sauko da ƙarfinsa bana, da asuba ruwan randa har cizon hannu yake.

Akwai maganar da nake so in yi, bakina ya yi nauyi. Duk gidan da ake jiran haihuwa a layinmu, in ka wuce za ka ga itace jibge a ƙofar gida. Maƙwabciyarmu Zubaidatu, wadda cikina ya girmi nata, tuni nata ya iso, mota guda. Ƙofar gidanmu kuwa fayau, ko tsinken sakace babu. Matan da ke zuwa duba ni sai sun tsaya sun waiga hagu da dama kafin su yi sallama. Inna kuwa kullum sai ta share wurin, alhali ba abin sharewa.

Na dai faɗa, kai mai hankali ne. Ina aka kwana maganar takarduna na tahowa?

Taka,
Sa'adiya

*

Rusaifa, Makka
Jumada Ula

Habibti Sa'adiya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso. Hajiya Kabira ta miƙa mini ita a ƙofar Harami, ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa kamar na taka mata sallaya, ban san laifina ba. Alhamdu lillah ina lafiya, dawam ne kawai ya yi yawa, aiki ba dare ba rana. Ki gaishe mini da Ammi, ya'ni Baba, da Inna. Ki yi haƙuri da rubutuna, Hausar kakata ce a bakina, bokon kuwa a waya na koya. Takardun tahowarki suna tafiya, sai dai tafiyar hawainiya.

Na karanta na fahimta sarai. Sanyi kike ji kuma babu itace. Khalas, mushkila ta ƙare, kuma na gode Allah da babu itacen.

Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya miki ba. Bara da sanyi aka kira motarmu ta ɗaukar marasa lafiya zuwa wani gidan hutu a kan dutse, hanyar Ɗa'ifa. Iyali ne suka kunna gawayi a ɗaki, suka rufe taga suka kwanta. Ni na ɗauko ƙaramin ɗansu da hannuna, Sa'adiya. Bai fi tsawon damtsena ba, ba ƙuna ko ɗaya a jikinsa, ka ce barci yake. Tun ranar na rantse hayaƙi ba zai taɓa ɗana ba muddin ina numfashi.

Wani abokin aikina Baturke ya nuna mini abin da suke amfani da shi a garinsu mai ƙanƙara. Daffaya ce, murhun ɗumama ɗaki, ta ƙarfe, rufaffiya ruf, da gilashi a gaba kina kallon wutar. Ba ta cin itace. Garin katako ake matsewa ya zama 'yan ƙwayoyi, a zuba mata ta sama, ita da kanta take ɗiba kaɗan-kaɗan tana ci. Hayaƙin ta bututu yake fita waje. Ba faskare, ba hura wuta da baki, ba toka a ido, maɓalli kawai za ki danna. Itace fa? Rabin zafinsa sama yake tafiya, hayaƙinsa kuma cikin ƙirjin mutum. Wallahil azim ban san me mutane suka gani a jikinsa ba.

Sai da na zaga Jidda ƙafata ta yi ciwo kafin na samu, don duk shagon da na shiga dariya suke yi, wai ɗan Makka yana neman abin ɗumi. Na sa ta a kago, jirgin kaya, tare da buhunan ƙwayoyin. Nasrullahi zai karɓo a Kano, na tura masa hoton yadda ake haɗawa.

Sharaɗi ɗaya ne. Kada a kunna itace ko gawayi a inda kike, ke da abin da za ki haifa. Wannan ba shawara ba ce, maganar miji ce. Matan da ke waige-waige a ƙofa kuwa, ki ce su shigo ciki su ga abin da ba su taɓa gani ba.

Allah ya sauke ki lafiya.

Mijinki,
Hatim

*

Unguwar Rogo, Jos
Farkon Disamba

Yaya Hatim,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, har yanzu dai shiru, ana ta jira. Ina fata kai ma lafiya.

Don girman Allah, a ina na rubuta maka cewa sanyi nake ji? Ni da aka haifa a Jos, na yi wankan makaranta da ruwan rijiya a watan Janairu, ni ce zan kai ƙarar sanyi Makka? Na karanta takardarka na rasa kuka zan yi ko dariya.

Kayanka sun iso. Nasrullahi ya fasa bangon ɗakina ya zura bututu, Baba yana tsaye yana kallon bangonsa. Aka danna, ta kama. Gaskiya ɗaya ce, tana da ɗumi kuma ba hayaƙi. Ana cikin yaba ta aka ɗauke wuta, sai ta mutu murus, ta hau kuka ƙii-ƙii kamar ɗan tsako. Ashe ita ma ba ta cin abincinta sai da lantarki. Kai da ba a taɓa ɗauke maka wuta ba tun da ka zo duniya, ina za ka tuna da wannan?

Inna ta zagaye ta, ta leƙa sama ta leƙa ƙasa, ta ce, "To, ina ake ɗora tukunyar?" Buhunan kuwa, da aka sauke su a ƙofar gida, surukar Zubaidatu ta ɗebi ƙwayoyin ta shinshina ta ce, "Masha Allahu, ɗan Makka kiwon kifi zai sa ki?" Har yau wadda duk ta shigo sai ta tambaye ni ya kifi. Awakin Inna sun farke buhu ɗaya, wani kuma ruwan alwala ya taɓa shi, ya kumbura ya koma dusa.

Tunda kunya ba ta yi mini rana ba, bari in ajiye ta in yi maka dalla-dalla. Mace in ta haihu a nan, wankan jego take yi safe da yamma har ta yi arba'in. Ruwa ake tafasawa a ƙatuwar tukunya a tsakar gida, a tsoma ganyen darbejiya ana fyaɗa mata. Ga kunun kanwa, ga girkin suna na unguwa guda. Duk da itace ake yi, daffayarka kuwa ko butar shayi ba ta ɗauka. Kuma itacen nan miji ne yake saye, shi kaɗai, ba uba ba, ba wa ba. Shi ya sa ake jibge shi a waje inda kowa zai gani, don a san yarinyar gidan nan tana da mai ita. In babu, ba wanda zai ce mijinta ɗan Makka ne bai sani ba. Cewa za a yi ya bar ta da ciki ya tsere, takardun tafiya kuma tatsuniya ce. An ma fara faɗa, na ji da kunnena, kuma ya yi mini ciwo.

Kada ka ce ai sai Baba ya saya. Wada mai itace, matarsa ita ce rediyon unguwar nan, kuma masu itacen garin nan duk bakinsu ɗaya. Ranar da Baba ya taka wurin ɗayansu, kafin la'asar kowa ya san surukinsa ya gaza.

Abin da ka gani a hanyar Ɗa'ifa ya taɓa zuciyata, Allah ya jiƙan yaron. Ba wanda zai rufe ni a ɗaki da gawayi, na yi maka alkawari. Kai dai ka kira Nasrullahi ka ce ya je wurin Wada da sunanka, shi ke nan. Ka hanzarta don Allah, jikina yana gaya mini ba nisa. Wani malamin layinmu ne zai kawo maka wannan.

Sa'adiya

*

Rusaifa, Makka
Jumada Akhira

Habibti, uwar 'yata,

Mabruk! Mabruk gare mu! Ina cikin mota Nasrullahi ya kira, na faka a gefen titi na yi sujada a kan kwalta, masu taksi suna ta danna mini oda. Na raba alewar baƙlawa a wurin aiki har wanda ba na shiri da shi ya ci. Yaya jikinki? Yaya ƙaramar? Da na kira wayar Inna "lafiya lau, mun gode" kawai kika ce, muryarki kamar ta mai amsa gaisuwar makoki. Na ce gajiya ce.

Suna kuwa Wafa, sunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Maganar rago na gama da Nasrullahi.

Amma akwai abin da ya ɓata mini rai. A cikin wannan farin cikin, Nasrullahi ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce wai a yi wani abu a kan itace. Itace kuma! Bayan duk wahalar da na sha? Na ce masa la, abadan, ko sanda ɗaya ba da yawuna ba. Ya fara cewa "ai al'ada", na ce al'ada ba ta fi numfashin 'yata ba, na kashe zancen. Ya ce mini ana ɗauke wuta. Tayyib, wannan magana ce ta hankali, na sayi batir babba na sa a kago, da ƙarin buhuna. Kin ga kowace mushkila tana da magani in an faɗe ta a miƙe.

Ke kuma shiru, tun takardar farko ban sake ganin rubutunki ba. Ko godiyar daffaya ba ki yi ba, ya sheikha! Ni ba godiyar nake nema ba, amma mutum yana so ya ji ko ya iya.

Nan ma wai sanyi ake yi. Mutanen Rusaifa sun fito da rigunan sanyi, ga na'urar sanyaya ɗaki tana ta ruri a kansu. Ki sumbaci Wafa a goshi, ki ce mata babanta ya tanadar mata ɗaki mai tsabtar iska.

Hatim

*

Unguwar Rogo, Jos
Ƙarshen Disamba

Yaya,

Sallama. An yi suna lafiya, rago ya yi, an gode. Ni jikina da sauƙi. 'Yarka ce ba lafiya, zan zo kan wannan.

Ko takardata ta biyu ba ta same ka ba, ko ta same ka ka yi kunnen uwar shegu, ban sani ba. Taka dai ta iso, na karanta cike da haushi. Godiya kake jira? To saurara ka ji abin da "la, abadan" ɗinka ta haifa.

Kwanakin farko Inna ta yi ta lallaɓa wankan da kara da karyayyen benci, tana yi tana ɓoyewa kamar mai dafa abin sata. 'Yan barka suna shigowa suna "ina itacen yake, ko a baya aka ajiye?" Ranar da Nasrullahi ya gaya wa Baba amsarka, Baba ya ɗauki hularsa ya fita. Nasrullahi kuwa ya rantse ba zai sake roƙonka ba ko za a yi wankan da ruwan sanyi.

Ana jibi suna da hantsi sai ga akori-kura, direban ba wanda ya san shi a unguwa, ta juye itace a ƙofar gida har ya tare hanya. Baba ya fito yana ɗaga murya, mutumin da ko akuya ba ya yi wa tsawa, yana cewa, "Kai, yaron nan Hatimu! Duk wannan? Ai wannan ɓarna ce!" Mata suka ɗauki guɗa. Ni ma na yarda, Yaya. Na yi kuka don daɗi, na ce ashe ka ji.

Sai da aka hura. Ɗanye ne sharaf, yana tsartar da ruwa yana kumfa, wuta ta ƙi ci sai hayaƙi. Ya cika tsakar gida, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya bi ta taga, ba inda bai shiga ba. Na shaƙi ƙamshin na san mangwaro ne. Na ritsa Nasrullahi, na kama hannunsa na ga tafin duk ya yi bororo ya fashe, sai ya faɗa mini.

Mangwaron lambun Baba ne na Naraguta. Kakana ne ya dasa shi, ƙanin kakanka, shekarar da naka ya kama hanyar Makka a ƙafa. A gindinsa Baba yake sallar azahar, nan yake cin abinci, nan yake miƙe baya tun yana saurayi, kuma shi kaɗai ne inuwa a lambun. Su biyu suka sare shi, shi da Nasrullahi, har da tsoho mai ciwon baya riƙe da gatari. Ya ce wa maƙwabtan lambu gara ce ta cinye shi.

Ranar suna mata suna ta share hawayen hayaƙi suna dariya, wai an cuci ɗan Makka, an sayar masa da ɗanye. Amma dariya ce mai daɗi. Maganar ka tsere ta mutu, surukar Zubaidatu ma ta daina tambayar kifi.

Sai 'yarka ta fara tari. Ƙirjinta yana fito kamar usur, ta ƙi kama nono. Inna ta ɗauke ta muka tafi asibiti, ni da ɗanyen jiki. Suka sa mata abin shaƙa, wata nas ta wanke mu tas, ta ce in muka sake barin jaririya a hayaƙi kada mu dawo mata. Mun dawo gida, tarin ya ragu amma bai tafi ba, ni kuma ban san barci ba. Batir ɗinka yana can Kano, daffaya tana nan a kusurwa, in an kawo wuta ta yi aiki, in an ɗauke ta yi mana kuka.

Hayaƙin da ka rantse ba zai taɓa ta ba, shi ta fara shaƙa a duniya, kuma ka san ta hanyar da ya biyo. Ina jin haushinka, Yaya, haushi mai yawa. Ba ni da abin da zan ƙara.

Sa'adiya

*

Rusaifa, Makka
Rajab

Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Kafin komai, Nasrullahi ya ce mini jikin Wafa da sauƙi, amma ba zan yarda ba sai na gani a rubutunki.

Takardunki biyu rana ɗaya suka same ni. Malamin naku Madina ya fara zuwa, ya kwanta rashin lafiya a can, takarda tana cikin aljihun jakarsa. Na karanta su a jere a tsaye a bakin titi. Da na kai kan mangwaro sai na zauna a ƙasa.

Na wuce unguwar Hindawiyya wurin Sitti Khadijatu, ƙanwar kakana, na karanta mata. Ban kai ƙarshe ba ta kwaɗa mini mafici a ka. Ta ce, "Sakarai! Ubanka ma da aka haife ka, a garin nan da ba daji, sai da ya ɗauko katakan akwatuna daga kasuwa a kansa ya jibge mini a ƙofa. Wa ya ce ka je ka tambayi Baturke kana da ni?" Ta zage ni da Hausa, da ta ƙare ta koma Larabci.

Amma ni ma bari in fitar da nawa, ya nas! Me ya sa ba ku faɗin magana a miƙe? Ke kika ce ƙofa fayau. Nasrullahi ya yi ta "ai, ai". Hajiya Kabira ta harare ni ta wuce. Mutum uku, ba wanda ya buɗe baki ya ce, Hatim, itacen wanka ne kuma haƙƙinka ne. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarami, a ina zan koya? Kuma maganar hayaƙi ban janye ba, kin dai gani da idonki.

Khalas. Na kira Nasrullahi, sai da na yi ta ba shi haƙuri kafin ya saurare ni. Zai je wurin Wada da sunana, da rana tsaka, matarsa tana kallo. Busasshe, wanda ya shekara, ya ƙwanƙwasa kowane guda ya ji yana ƙara. A ja murhun wankan can ƙarshen gida, nesa da tagarki. Wafa kuma ta kwana a ɗakin daffaya, Nasrullahi ya je Kano ya karɓo batir ɗin ko da faɗa ne. Wannan roƙo nake yi, ba maganar miji ba.

Ammi fa? Na ɗauki waya in kira shi na ajiye, na sake ɗauka na ajiye. In rubuta masa? In biya shi bishiyar? In sa a kai masa dashe goma? Ki gaya mini abin da ake yi, wannan karon a miƙe, don Allah. Ba na iya cin abinci.

Hatim

*

Unguwar Rogo, Jos
Farkon Fabrairu

Yaya Hatim,

Wa alaikumus salam. Ka kwantar da hankalinka ka ci abinci. 'Yarka ta warke sarai, tana tsotso kamar za ta haɗiye ni, kumatu sun fito. Ga shi a rubutuna, sai ka yarda.

Itacen Wada ya iso, busasshe ƙayau, yana kamawa kamar an zuba masa kananzir. Matarsa ta yi aikinta, har unguwar Gangare an ji cewa ɗan Makka ya gano an cuce shi ya sake aiko da wani. Da shi na ƙarasa wanka, na yi arba'in lafiya. Batir ma ya zo, daffaya ta daina kuka. A ɗakinta yarinyar take kwana, kuma ka san wa ya fi kowa zama a gabanta? Inna. Ta miƙe ƙafafu tana jan carbi tana gasa gwiwa, Baturkiya take ce mata. In na yi magana ta ce jika take gadi. Har yanzu dai tana nan a kan bakanta cewa murhun da ba ya ɗaukar tukunya ba murhu ba ne.

Ka ce ba ma faɗin magana a miƙe. Ka yi gaskiya, haka aka gina mu, kai kuma in ka kafe ko jaki ya sallama maka. Sai mu yi ta haƙuri da juna.

To ga miƙaƙƙiya. Kada ka rubuta wa Baba, kada ka kira shi a kan wannan, kada ka aiko da ko sisi, kada ka aiko da dashe. Duk abin da ya yi, ya yi ne don kada a san ya yi. Ranar da ka nuna ka sani, ranar ce ka mayar da wahalarsa ta banza.

Ni ma na gwada, don na kasa daurewa. Da na fita yawon arba'in na roƙi Nasrullahi ya biya da ni Naraguta, na kai wa Baba abincin rana. Na daɗe ban je lambun ba, har na so in ɓata, don da daga titi ake hango bishiyar. Na same shi zaune a kan kututturen, rana tana dukansa, ya ɗora tawul a ka. Ya shimfiɗa buzunsa a gefe, a daidai inda ya saba, a fili fetal. Ya karɓi jikarsa ya juya wa rana baya don ya kare ta.

Na durƙusa na ce, "Baba, mangwaron nan..."

Ya ce, "Gara ce. Ta daɗe tana cinsa ta ciki."

Na ce, "Baba."

Bai dube ni ba, yana ta wasa da yatsun yarinyar. Can ya ce, "Kin rubuta wa mijinki godiyar itace kuwa? Har sau biyu fa ya aiko. Ba kowane yaro ne zai yi haka ba, yana can wata ƙasa."

Na ce zan rubuta. To ga shi na rubuta, Yaya. Baba ya ce a gode maka, Allah ya yi maka albarka.

Taka,
Sa'adiya